Sunkuyar da kai ba shi ne galahanga ba

Tun da gajerun bidiyoyi suka fara yawo a TikTok da Facebook suna cewa duk yaron da ba ya kallon idon mai yi masa magana yana da lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, hankalin iyaye da dama a nan Katsina ya tashi. Da a ce haka maganar take, da rabin yaran unguwarmu sun shiga lissafi, domin duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san abin da ke biyo baya idan yaro ya ƙura wa babba ido ana yi masa faɗa.

Galahanga bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun farkon rayuwa, kuma yana taɓa mu'amala da mutane, da magana, da yadda jiki ke karɓar ƙara ko haske. Likita Leo Kanner ne ya bayyana shi dalla-dalla a Amurka a 1943, bayan ya lura da yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da shi. Ba shafar aljanu ba ne, ba kuma allurar rigakafi ke kawo shi ba: rahoton 1998 da ya haddasa wannan zargi a Ingila, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010. Yawancin jerin alamomin da ake yaɗawa an rubuta su ne a ƙasashen da kallon ido cikin ido yake ladabi, alhali a wajenmu rashin kunya ne.

Abin da likitan yara ke nema shi ne ko yaro yana raba abin da ya gani da wani. Ku ɗauka ranar hawan Sallah ce a Ƙofar Soro. Ga yarinya 'yar wata 18 a kafaɗar mahaifinta. Doki ya wuce da adonsa, sai ta miƙa ɗan yatsa ta nuna shi, sannan ta waiwayo ta dubi fuskar mahaifin, ta sake komawa ga dokin. Ba dokin take roƙo a ba ta ba. Da idonta take cewa, Baba, ka ga abin da na gani? Wannan waiwaye, wanda bai wuce daƙiƙa ɗaya ba, shi ne abin lura.

Yanzu ku dubi yaron da ke gefenta. Shi ma dokin ya ɗauke masa hankali, wataƙila ma ya fi ta lura da kowane zare na adon linzami, amma bai nuna wa kowa ba, bai kuma waiwayo ba. Idan ruwa yake so, yakan kama hannun mahaifiyarsa ya ja ta har bakin randa ba tare da ya dubi fuskarta ba. Da 'yan bindiga suka harba, sai ya toshe kunnuwa ya durƙushe, domin ƙarar da mu muke ji a matsayin shagali shi tana yi masa ciwo na gaske. Alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci, amma idan suka taru kuma suka daɗe, sun isa a ga likita.

Kunya kuwa zaɓen mutum take yi. Yaro mai kunya yana sunkuyar da kai a gaban kawunsa ko malaminsa na allo, amma da zarar sun ba da baya, ga shi can cikin sa'o'insa ana wasa ana haɗa ido ana ƙyaƙyata dariya. Ya san dokar, ya san wanda ake yi wa ita. Mai galahanga kan kauce wa ido ko da na ƙaninsa ne, wani kuma yakan ƙura wa dattijo ido ƙur, a ce da shi fitsararre, alhali ba a taɓa faɗa masa dokar a fili ba, kuma ba ya ɗaukar ta a iska kamar yadda sauran yara ke yi.

A ganina a nan ne muka fi shiga haƙƙin masu galahanga, musamman idan sun girma. Zamanmu cike yake da maganganun da ba a nufin zahirinsu. A ce da mutum "ina gajiya?", amsa ita ce "ba gajiya", ko da ya kwana yana ɗaukar kaya. Mai galahanga yana iya cewa akwai gajiya, ya kuma kawo dalili. A yi masa bismilla a kan ɗan tuwon da bai ishi mai shi ba, sai ya wanke hannu ya zauna, daga nan a ce ba shi da kara. Habaici kan wuce shi, gaisuwar da ake jerowa tana gajiyar da shi. Wani masani ɗan Birtaniya mai suna Damian Milton, wanda shi ma yana da lalurar, ya yi bayani a 2012 cewa rashin fahimtar daga ɓangarorin biyu take: yadda suke kasa karanta mu, haka mu ma muke kasa karanta su. Faɗa wa mai galahanga a fili cewa ana amsa irin wannan tayi da "alhamdulillahi, na ƙoshi" ya fi duka da gori amfani nesa ba kusa ba.

Ga iyayen da ke da shakku, ku gwada kiran yaro daga bayansa lokacin da babu hayaniya, kuma da sunan da aka saba kiransa a gida. Idan mai sunan kakansa ne ana ce masa Abba, kada a gwada shi da sunan yanka da bai taɓa ji a bakin mahaifiyarsa ba. Idan ba ya waiwayowa bayan ya shekara, ko ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa don a gani tare da shi, a fara da gwajin kunne, domin rashin ji kan yi kama da wannan. Daga nan a nemi likitan yara, a kuma tafi da ɗan bidiyon yaron yana wasa a tsakar gida, tunda a ɗakin likita ko mai kunyar ma ba zai ɗaga kai ba.