Darasin Kek ɗin Cakulan da Lemu na Bikin Ranar Haihuwar Ƙaramin Yaro

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Yau kek ɗin cakulan da lemu za mu gasa, irin wanda ake yi wa yaro ɗan shekara biyu ko uku. Uwargida, kafin komai ki kunna obin a kan digiri 180, in mai fanka ne 160. Gwangwani biyu masu faɗin santimita 20, na riga na shafe su da mai na shimfiɗa takarda a ƙasa.

Ga kayanmu. Fulawa giram 225, hodar koko giram 50, sukari giram 200, ƙwai 2, madara mililita 150, man girki marar ƙamshi mililita 120, manyan lemun zaƙi guda 2. Bekin foda cokalin shayi ɗaya da rabi, bekin soda rabin cokali, gishiri ɗan kaɗan. Sai ruwan zafi mililita 100. Waɗanda suka saba gasa kek za su ga sukarin ya yi kaɗan. Da gangan ne, na yara ne, kuma abin da za mu shafa a kai yana da nasa zaƙin. Amma kada ki rage shi fiye da haka, don sukari shi ke riƙe danshi, in ya yi ƙaranci kek ɗin bushewa zai yi.

To, bari mu tsaya a kan lemun nan, don duk aikin yana nan. Ƙamshin lemu a ɓawo yake, ba a ruwa ba. Mutane da yawa sukan matse lemu huɗu su zuba a kwaɓi, kek ya fito a jiƙe, ya dame, kuma ba ka jin lemun ko kaɗan saboda koko ya danne shi. Man da ke ɗauke da ƙamshin yana cikin wannan fatar ta sama mai launi. Da farko ki wanke lemun da ruwan ɗumi ki cuɗa shi sosai, don akan shafa wa wasu kakin da ke sa su ƙyalli. Ki goge shi ya bushe, jiƙaƙƙen lemu ba ya goguwa. Sai ki ɗauki abin goga, ɓangaren ƙananan ramuka. Ku duba hannuna: sau ɗaya, sau biyu, na juya. Ban sake komawa wurin ba. Da zarar kin hango farin nan na ciki, ki matsa gaba. Wannan farin ɗaci ne da shi, kuma harshen yaro ya fi na babba saurin jin ɗaci, loma ɗaya zai yi ya tofar. Ki goge guda biyun, ki ware kamar cokalin shayi ɗaya a gefe, za mu neme shi an jima.

Sauran ɓawon a kan sukari za ki zuba shi, kada ya shiga fulawa. Ki sa yatsu ki murza su tare na tsawon minti ɗaya, har sukarin ya ɗan yi danshi ya sauya launi. Ƙwayoyin sukarin ne ke fasa ɓawon su fitar da man. In kin tsallake wannan, rabin ƙamshin ya tafi a banza.

Yanzu koko. Ki zuba shi a ƙaramin kwano, ki kwarara ruwan zafin a kai, ki dama har ya yi sumul. Zafin ne ke buɗe ɗanɗanonsa, kuma ba za ki tarar da gudaji a kwaɓi ba. Za ki ga wasu suna sa ruwan kofi a nan. Na manya ne wannan, ban da na yara. Koko kansa yana da ɗan sinadarin da ke hana barci, kada a ƙara masa wani. A bar shi ya huce.

Ƙwai a cikin sukari, a buga kamar minti biyu, bulugari ma ya isa, ba sai an jawo inji ba. Mai ya shiga. Ni na fi son mai a kan bota a wannan kek ɗin, domin zai kwana a firiji, kek ɗin bota kuwa in ya yi sanyi tauri yake yi. Sai madara, sai ruwan lemu mililita 80, ku duba layin kofin, 80 ya isa. Ki tace shi saboda 'ya'ya. Ga shi nan ya ɗan tsinke, madarar ta haɗu da tsami. Kada hankalinki ya tashi, haka ake so. Wannan tsamin shi zai tayar da bekin soda kek ya kumbura ya yi laushi. Kokonmu ya huce, ya shiga.

Busassun kayan na riga na tankaɗe su tare. A zuba kashi biyu, a juya a hankali. Da kin daina ganin farin fulawa ki ɗauke hannu, yawan juyi ke sa kek ya yi danƙo. Kwaɓin ruwa-ruwa ne, daidai ne. A raba biyu, a sa a obin nan take, don soda ta riga ta fara aiki ba ta jira. Minti 25 zuwa 30. Kada a buɗe ƙofa kafin minti 20, tsakiyar za ta lotsa. Ki soka tsinke, in ya fito da ɗan ɓurɓushi ya yi, in da ɗanyen kwaɓi a ƙara minti uku. Minti 10 a gwangwani, sannan a juye ya huce sarai.

Abin shafawa kuma, cakulan mai madara giram 300, kirim ɗin madara na girki mililita 150. Baƙin cakulan ya yi wa yara ƙarfi. Ki ɗora kirim a wuta kaɗan, ki zuba ɓawon nan da muka ware, da ya fara ƙananan kumfa a gefe ki sauke, kada ya tafasa. Ki rufe minti biyar ya jiƙu, ki ɗan sake ɗumama shi, ki tace a kan yankakken cakulan. Kada ki taɓa, ki ba shi minti biyu, sannan ki juya daga tsakiya. Ruwan lemu ba ya shiga nan. Tsaminsa zai iya tsinka kirim, kuma kwanon ma ya zama busasshe, don ɗigon ruwa kan sa narkakken cakulan ya dunƙule. Ki bar shi awa ɗaya zuwa biyu har ya yi kaurin da zai zauna a cokali. In an shafa a kek mai ɗumi, gangarewa zai yi.

Ki shafa kashi ɗaya cikin uku a tsakanin kek biyun, ki ɗora ɗaya a kan ɗaya, sauran a sama da gefe.

Ado kuma, don Allah a kula. Ban da gyaɗa ko wasu ƙwayoyi gudansu ga yaran da ba su kai shekara 5 ba, ban da alewa mai tauri da ƙananan duwatsun ado na sukari, suna shaƙe yaro. In akwai jarirai 'yan ƙasa da shekara 1 a wurin, zuma ba tasu ba ce. Ki tambayi iyayen yaran da aka gayyata ko akwai wanda ƙwai, madara ko alkama ba sa karɓarsa. Abin da nake sawa shi ne gogaggen cakulan, sai ɓare-ɓaren lemu da aka cire wa fata da 'ya'ya aka yanka ƙanana. Su kuma sai dab da za a fito da kek ɗin, in sun daɗe ruwansu zai ɓata saman. Kyandir kuma, babban mutum ne zai kunna shi, a riƙe hannun yaron, a cire kyandir ɗin kafin a yanka.

In gobe ne bikin, ki gasa yau, ki naɗe a leda, ki shafa da safe. Bayan an shafa, firiji zai shiga saboda kirim, yana kai kwana uku. A fito da shi minti 30 kafin a ci. Ki tsoma wuƙa a ruwan zafi ki goge kafin kowane yanka, ku ga yadda ya fita tas. Yankan yaro kada ya wuce faɗin yatsu biyu. Mai tambaya ta aiko, za mu amsa a darasi na gaba in Allah ya kai mu.