Yadda Ake Zaɓen Mariƙin Gorar Bayan Sirdi a Keken Tirayatulan

Jama'a masu kallo, barkanmu da warhaka. Yau maganarmu a kan wani ɗan ƙaramin abu ne a jikin keken tirayatulan (gasar da ke haɗa iyo, tuƙa keke da gudu), wato mariƙin gorar ruwa da ake ɗaurawa a bayan sirdi. A cikakkiyar gasar Ironman, wadda doguwar tirayatulan ce, bayan iyo na kilomita 3.8, mutum zai tuƙa keke kilomita 180, sannan ya sauka ya yi gudun kilomita 42.2. Wanda gorarsa ta faɗi a tsakiyar hanya, ƙishirwar da ya kwasa a kan keke ita zai shiga gudu da ita. Ba shi kaɗai abin ke shafa ba ma. Mai bin bayansa da tazarar mita 12, idan yana gudun kilomita 36 a awa, abin da yake da shi na kaucewa bai fi daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ba. Gora cike da ruwa tana gangarawa a gaban siririyar taya, Allah ya kiyaye.

To, me ya sa gorar baya ce ke yawan tsalle, alhali ta jikin firam tana zaune lafiya? Ku dubi inda take. Ta jikin firam tana ƙasa, tsakanin tayoyi biyu, kuma a kishingiɗe take. Ta baya kuwa tana can sama, kusan daidai kan tayar baya, a ƙarshen wani hannu da ya miƙo daga ƙarafan sirdi. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar ƙarshe ta doguwar mota ya san yadda gargada ke cilla mutum sama. Haka gorar nan take ji. Da taya ta daki rami, sirdi ya yi sama da sauri, ya tsaya, ita kuwa gora ta ci gaba da tashi. Gora mai mililita 750 ruwanta kaɗai giram 750 ne, kuma hannun da ke riƙe da ita yana lanƙwasawa yana dawowa, yana ƙara mata ƙarfin cillawa. Sau da yawa ma ba rami ɗaya ke fitar da ita ba. Ƙananan jijjiga ne ke ɗaga ta kaɗan-kaɗan, har ta zo bakin mariƙi, sai ɗan tudu ya ƙarasa aikin.

Saboda haka mariƙin da ya yi muku aiki a firam ba lallai ya yi a baya ba. Abu na farko da za ku duba shi ne hannuwansa. Ku nemi mai dogayen hannuwa da suka rungumi gora har sama, suka kusa haɗuwa a gaba. Mai gajerun hannuwa a ƙasa kawai yake kama ta. Wanda ake sa gora ta gefe kuwa an yi shi ne don ƙaramin firam da ba shi da sarari, ku bar shi a can, kada ku kai shi bayan sirdi.

Yanzu ku matso ku ga wannan ɗan harshen da ke saman mariƙin. A ganina, nan ne rabin aikin yake. Yawancin gorunan keke suna da tsagi da ya zagaye su ƙasa da kafaɗa, kuma cikin wannan tsagin harshen yake shiga ya kulle. Ku saurara, idan na tura gorar za ku ji ta ce ƙas. In ba ku ji haka ba, ko kuwa harshen ya tsaya a jikin gora inda babu tsagi, to matsi kawai ke riƙe da ita, kuma matsi yana raguwa da zarar gora ta jiƙe da gumi ko ta yi raɓar sanyi.

Wannan ya kawo mu ga abin da mutane da yawa ke mantawa, wato ita kanta gorar. Kaurin gorar keke da aka saba yana kusan milimita 74, amma kamfanoni suna ɗan bambanta, wata tsaginta mai zurfi, wata marar zurfi, wata robarta mai laushi ce har tana lotsewa idan ruwa ya ragu. Masu riƙe sanyi kuma sukan fi tsawo, sai babban ɓangarensu ya tsaya sama da hannuwan mariƙi yana lilo. Ga kuma gorunan da ake miƙa wa 'yan gasa a tashoshin ba da ruwa, waɗanda kan iya zama sirara fiye da taku. Idan an miƙo muku irin wannan, gara ku juye ruwan a mazubin ruwa na gaban keke da ke tsakanin hannuwanku, da ku cusa ta a baya kuna fata.

Batun abin da aka ƙera mariƙin da shi ba zan daɗe a kai ba. Na ƙarfe ko alminiyam, idan ya saki, kuna iya matse hannuwansa a hankali ya dawo. Na kabon ba ya lanƙwasuwa, in kun matsa masa tsagewa zai yi, don haka riƙon da ya zo da shi daga kamfani shi ne riƙonsa. Akwai waɗanda aka yi musamman don baya, kamar Gorilla da Gorilla XT na kamfanin XLAB. Kada 'yan giram na rashin nauyi su ja hankalinku a nan.

Sai ɗauri. Ramukan ƙusoshin mariƙi tazarar milimita 64 ce a tsakaninsu, don haka kusan kowanne zai hau kowane hannun da ake ɗaurawa a bayan sirdi. Amma ku duba ƙarafan sirdinku tukuna: na ƙarfe zagayayyu ne masu milimita 7, na kabon kuwa sau da yawa masu siffar ƙwai ne, faɗi milimita 7, tsayi milimita 9, kuma ba kowane maɗauri ke kama su duka ba. Ku matso da gorar kusa da sirdi iyakar yadda za ta yiwu, domin gajeren hannu ba ya lilo kamar dogo. Ku ɗan karkatar da ita kada ta tsaya cak, don bugun hanya ya tura ta jikin mariƙi. Ku sa wa ƙusoshi ɗigon maganin hana kwancewa, ku ɗaure su daidai gwargwadon da kamfani ya rubuta. Ku kuma tabbata ƙafarku tana tsallake gorar lokacin hawa da sauka.

Kafin ku fita, ga gwajin da za ku yi a gida. Ku cika gorar da za ku yi gasa da ita, ku jiƙa bayanta, ku sa ta a mariƙi, ku kife shi ku girgiza da ƙarfi. In ta zame, ku canza gora ku sake gwadawa kafin ku yanke wa mariƙin hukunci. Idan zamewar kaɗan ce, ɗan tef mai kaushi a cikin hannuwan, ko roba mai kauri da aka zagaya su da ita, yakan isa.

Sannan ku hau hanya mai gargada, da gora cike, da kuma rabi. Ku riƙa miƙa hannu baya kuna cire ta kuna mayarwa, idonku a kan hanya. Mariƙi mai ƙarfi yakan so a ɗan murɗa gorar yayin ja, kuma wajen mayarwa sai kun tura har kun ji harshen ya shiga tsagi. In kun ga cirewar na sa keken yana karkacewa, ku yi ta maimaitawa a wuri marar motoci, da ƙaramin gudu, har hannu ya saba.