Yadda aka koya wa bakteriya haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro

Ɗauko kwalin maganin zazzaɓin cizon sauro, irin su Coartem, ka duba. Tushen maganin nan wani sinadari ne mai suna artemisinin, kuma daga ganye ake samo shi. Shukar sunanta Artemisia annua, dangin tazargade ce, ana noma ta a Sin da Biyetnam da gabashin Afirka. Wata masaniya 'yar Sin, Tu Youyou, ita ta fitar da sinadarin a 1972, ta kuma ci kyautar Nobel a 2015.

To ina matsalar? Sinadarin kaɗan ne a ganyen, da ƙyar yake wuce kashi 1 cikin 100. Ga jiran watanni kafin a girbe. Shekarar da amfani ya yi ƙaranci, farashi ya tashi, mara lafiya ne ke shan wahala.

A 2003, Jay Keasling da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka ɗauko E. coli, bakteriyar da ke zaune a hanjinmu, wadda a ɗakin gwaji kan ninka kanta cikin kusan minti 20. Suka dasa mata ƙwayoyin gado daga yis da kuma na shukar. Sai ta riƙa cin sukari tana fitar da amorphadiene, matakin farko na artemisinin.

Wurin da ya fi burge ni ke nan. Ka san mai ban ruwa a lambu: in ya buɗe bakin kwalbati sosai alhali hanyar gaba ƙarama ce, ruwa zai taru ya kashe shuka. Haka ya faru a cikin bakteriyar. Wani sinadari na tsakiya, HMG-CoA, ya taru har ya hana ta girma. Sai da suka ƙarfafa enzayim ɗin da ke karɓarsa, wato furotin da ke juya shi zuwa sinadari na gaba, hanya ta buɗe, abin da ake samu ya ƙaru.

Mataki na gaba ya ba bakteriya wuya, don haka suka koma kan yis a 2006. Zuwa 2013, lita ɗaya ta ruwan da ake kiwon yis ɗin tana ba da giram 25 na artemisinic acid, sinadarin da daga shi ake haɗa artemisinin, kamfanin Sanofi kuma ya fara juya shi zuwa magani a Garessio ta Italiya.

Amma manoma ma sun ƙara noma, farashin na ganye ya faɗi ƙasa da na masana'anta. A 2016 Sanofi ya sayar da masana'antar ga kamfanin Huvepharma na Bulgeriya.