Shin da gaske Roy Keane ne ya kashe wa baban Haaland ƙwallo?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan ɗan guntun bidiyon da kuke gani yanzu, duk ranar da Erling Haaland ya zura wa Man United ƙwallo sai kun ga ya dawo yana yawo a WhatsApp da Facebook da TikTok, a ƙasa an rubuta wai ga ranar da Roy Keane ya kashe wa babansa sana'a, shi ya sa ɗan ya zo ɗaukar fansa. Ana ta musu a kai a gidajen kallo, to yau sai mun warware shi. Ketar da ke cikin bidiyon, wadda Keane ya yi wa Alf-Inge Haaland, baban Erling, a wasan United da Man City a 2001, gaskiya ce, ba haɗi ba ne, kuma mummuna ce. Inda labarin ya karkace shi ne wace gwiwa aka taka, wace gwiwa ce kuma ta raba mutumin da fili, don ba ɗaya ba ce.

Amma bari mu fara da waye Keane ɗin, saboda yaran yanzu da yawa sun san shi ne kawai a matsayin dattijon nan mai gemu da ke zama a Sky Sports yana caccakar 'yan wasa.

An haife shi ranar 10 ga Agusta 1971 a birnin Cork da ke kudancin Jamhuriyar Ireland, a unguwar Mayfield, gidan masu ƙaramin ƙarfi. Ya ɗan taɓa dambe yana yaro, ya yi ƙwallon yara a Rockmount, ya dinga rubuta wa kulob-kulob na Ingila wasiƙa yana neman a gwada shi ba wanda ya kula shi, ana ganin ya yi ƙanƙanta. Sai ya shiga Cobh Ramblers a gida, daga nan Nottingham Forest ta Brian Clough ta ɗauke shi a 1990 kan fam dubu 47. Dubu 47 fa jama'a, kuɗin da yau wani ɗan benci ke karɓa a sati. Wasansa na farko kuma a Anfield aka jefa shi, gaban Liverpool. Shekara uku bayan nan Forest ta faɗi daga Firimiya, Blackburn ta kusa kammala cinikinsa sai Alex Ferguson ya shiga tsakani, United ta biya fam miliyan 3.75, wanda a lokacin ba a taɓa sayen ɗan wasa da tsadar haka tsakanin kulob-kulob na Birtaniya ba. Da Cantona ya yi ritaya a 1997 aka ɗaura masa kambun kyaftin.

To a nan labarinmu ya fara, ba a 2001 ba.

Satumba 1997, filin Elland Road, Leeds da United. Alf-Inge Haaland ɗan Norway yana Leeds a lokacin, kuma tun farkon wasa suke ta gogayya da Keane. Can wajen ƙarshen wasa, ku duba, su biyun suna bin ƙwallo, Keane ya miƙa ƙafa zai sa wa Haaland tarko, sai ƙusoshin takalminsa suka maƙale a ciyawa, jijiyar cikin gwiwarsa ta tsinke. Shi ya je yin keta, shi ya ji ciwo. Yanzu ku kalli abin da ya biyo baya, Keane na kwance yana murƙususu, Haaland ya zo ya tsaya a kansa yana masa tsawa wai ya tashi ya daina ƙarya. Haaland bai san jijiya ta tsinke ba, ba wanda ya sani a wannan lokacin, amma Keane bai manta da wannan tsayuwar ba. Sauran kakar gaba ɗaya a jinya ya ƙare ta, United da ke gaba da tazara mai yawa ta zube, Arsenal ta Wenger ta ɗauke kofin.

Ya dawo, kuma ya dawo da ƙarfi. Wannan da kuke gani daren Turin ne, Afrilu 1999, wasan kusa da na ƙarshe na Zakarun Turai, Juventus ta ci biyu tun mintunan farko, Keane ya tashi ya sa kai ya farke ɗaya, sannan aka ba shi katin gargaɗi kan Zidane wanda ya san ya hana shi buga wasan ƙarshe, amma bai sassauta ba har United ta ci 3-2. Ni dai a wajena ko wannan daren kaɗai ya isa a kira shi babban kyaftin.

Sai ranar 21 ga Afrilu 2001. Old Trafford, wasan hamayya na Manchester, Haaland ya koma City tun 2000, Erling kuma jariri ne ɗan wata tara, an haife shi a Leeds a Yulin 2000. United ta riga ta ci kofin lig, City na fafutukar kada ta faɗi. Wasa 1-1, saura 'yan mintuna a tashi.

Ga ta nan. A rage gudu. Ƙwallo ta yi tsalle, Haaland ya riga shi kaiwa ya buge ta da ƙafar dama, ƙafar tana sama, Keane ya zo da ƙusoshi a gaba ya dira a kanta. A tsayar a nan. Ku kalli inda takalmin ya sauka da kyau, gwiwar dama ce, dama. Ku riƙe wannan. Alƙalin wasa David Elleray ko shawara bai tsaya yi ba ya zaro jan kati, Keane ma bai yi gardama ba, sai da ya sunkuya ya faɗa wa Haaland wata magana sannan ya kama hanyar fita.

Galibin bidiyon da ake turawa a nan yake yankewa, shi ya sa mutum zai ɗauka a makara aka fitar da Haaland daga nan bai sake taka leda ba. Ba haka aka yi ba. An duba shi, ya tashi, ya ƙarasa wasan har aka hura tashi. Kwana huɗu bayan nan ya buga wa Norway rabin wasan sada zumunta. Ƙarshen makon kuma City ta fara da shi a wasanta da West Ham ya yi sama da awa ɗaya a fili. Ku tuna shi kansa Keane da jijiyarsa ta tsinke a 1997, wata nawa ya yi bai dawo ba? Mutumin da aka farfasa wa gwiwa ranar Asabar ba zai buga wa ƙasarsa ranar Laraba ba.

To me ya raba shi da ƙwallo? Gwiwar hagu. Ita ce ta daɗe tana damunsa tun kafin wannan wasan, ita aka yi wa tiyata bayan an gama kakar, kuma ita ce ta ƙi warkewa. A kakar 2001 zuwa 2002 sau huɗu kawai ya shigo, duk daga benci, daga ƙarshe a 2003 ya haƙura yana ɗan shekara 30. Dama aka taka, hagu ce ta yi masa ritaya. Shi kansa Haaland a wancan lokacin ya rubuta a shafinsa na intanet cewa ciwon hagun ya riga ketar.

Amma fa kada 'yan United su yi saurin tafi, akwai ɗaya ɓangaren kuma dole in faɗa. A maido hoton baya kaɗan. Lokacin da aka doki daman, a kan wace ƙafa yake tsaye? Hagu, mai ciwon, ita ke ɗauke da nauyin jikinsa duka, kuma kun ga yadda ya wuntsila ya faɗi. Masu goyon bayansa suna cewa irin wannan dukan ba zai rasa ƙara wa tsohon ciwo wani abu ba, shi ma daga baya in an tambaye shi yakan nuna cewa ai tun daga ranar bai sake buga cikakken minti 90 ba, kuma wannan gaskiya ne, a babban mataki bai sake ba. Sai dai ciwo ya ƙaru daban, a ce wannan ketar ce ta jawo shi daban. City da Haaland sun yi niyyar zuwa kotu, suka nemi shawarar likitoci da lauyoyi, a farkon 2003 aka janye maganar. Da hujjar likita ta tsaya da ƙafarta ai da ba su janye ba, kuɗi ne masu yawa a ciki.

To in haka ne me ya sa labarin ya kama bakin duniya? Littafi. Hukuncin farko dakatarwar wasa uku ce da tarar fam dubu 5, maganar har ta kwanta. Sai a Agustan 2002 tarihin rayuwar Keane ya fito, wanda ɗan jarida Eamon Dunphy ya rubuta masa, a ciki aka ba da labarin ketar da kalmomi masu zafi, cewa ya daɗe yana jira, ya doke shi da ƙarfi, kuma ya ce masa kada ya sake tsayawa a kansa yana cewa ciwon ƙarya yake. Wato ramuwar gayya, a rubuce, da sunansa a bangon littafi. Hukumar ƙwallon Ingila ta sake buɗe fayil, ta ƙara masa wasa biyar da tarar fam dubu 150. A daidai lokacin kuma Haaland na can yana fama da gwiwa ba ya bugawa, sai mutane suka haɗa biyun, ga wanda ya ce da gangan ya yi, ga wanda ya daina ƙwallo, shi ke nan aka ɗinke labari. Daga baya Keane ya ce niyyarsa ya ji masa zafi ne ba ya nakasa shi ba, kuma bai taɓa cewa ya yi nadama ba.

Ra'ayina, kuma ina son Keane sosai, wannan ketar ba ta da kariya ko kaɗan. Mutum ya riƙe abu a zuciya kusan shekara huɗu sannan ya ɗaga ƙusoshi zuwa gwiwar ɗan uwansa ɗan wasa, shi da ya fi kowa sanin zafin ciwon gwiwa, wannan abin kunya ne, kuma sa'a ce kawai ƙafar daman tana sama ba ta kafe a ƙasa ba, da ta kafe Allah kaɗai ya san abin da za a ɗauka a filin nan. Da yau ne ga VAR ga kyamara ta ko'ina, wasa uku ba za ta ishe shi ba. Amma laifin da ya yi ya ishe shi, ba sai an ɗora masa na gwiwar da bai taɓa ba.

Sauran tafiyar a gurguje. Shekarar littafin ce dai ya samu saɓani da koci Mick McCarthy a tsibirin Saipan ana shirin kofin duniya na 2002, ya dawo gida bai buga ko minti ɗaya ba, Ireland ta je ta yi 1-1 da Kamaru a wasan farko babu kyaftin ɗinta. Wannan kuma shi ne da Vieira, kyaftin ɗin Arsenal, suna cacar baki a hanyar shiga fili a Highbury, Fabrairu 2005, ku kalli idon nan, United ta ci 4-2 a daren. Nuwamban shekarar ya bar United bayan ya caccaki abokan wasansa a tashar kulob ɗin sakamakon 4-1 da Middlesbrough ta yi musu, ya tafi da Firimiya 7, kofin FA 4 da Zakarun Turai na 1999, wasa 480. Ya yi 'yan watanni a Celtic ya ci lig, ya yi ritaya a 2006. Ireland ya buga mata wasa 67 ya ci 9. Ya horar da Sunderland ya hauro da ita Firimiya a 2007, ya je Ipswich abin bai yi daɗi ba, ya yi wa Martin O'Neill mataimaki a tawagar ƙasa daga 2013 zuwa 2018.

Maganar Saipan ɗin ma akwai nata ruɗanin, shi ya tafi da kansa ko korarsa aka yi, har yau a Ireland in ka tayar da ita sai gida ya rabu biyu. Ita za mu ɗauka a bidiyo na gaba in Allah ya kai mu. Sai an jima.