Gemu Ba Ya Hana Ilimi, To Tukunyar Gida Fa?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena dattawa, malamai, 'yan'uwana maza, da iyayenmu mata da ke zaune can ta hannun dama, barkanku da yamma. Na baya kuna ji? To, madalla.

An ce in yi magana a kan magidanci ko uwar 'ya'ya da ke son komawa makaranta don sauya sana'a. A nan Kakuri ta Kaduna wannan ba labarin nesa ba ne. Masaƙar KTL da ta fara aiki a 1957 ta rufe ƙofa a 2002, masaƙar UNTL ta bi bayanta a 2007. A cikinku akwai wanda ya yi shekara 20 a gaban injin saƙa, wanda daga kukan inji kawai yake gane zare zai tsinke, aka wayi gari aka ce masa sana'ar nan babu ita. Da yawa suka hau acaɓa. Wanda ya ɗauki babur ɗinsa ya nufi Kano, a Janairun 2013 aka hana acaɓa a can. Mutum ɗaya, sana'a biyu ta mutu masa a hannu kafin furfura ta gama fitowa.

Kowa ya san karin maganar nan, gemu ba ya hana ilimi, kuma gaskiya ce. A cikin manyan malaman mazhabar Shafi'iyya akwai Abubakar Alƙaffal na birnin Marwa. Sunan ma ma'anarsa mai ƙera kwaɗon kulle ƙofa, don sana'arsa ke nan har ya kai shekara 30. Sai a lokacin ya ajiye guduma ya durƙusa gaban malamai, ya zama jagoran malaman fiƙihu na Khurasan. A zamaninmu kuma Cif Obasanjo, bayan ya sauka daga mulki, ya koma ɗalibi a jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, ya karɓi digirin digirgir a 2018 yana da shekara 80 a duniya.

Amma ku bari in faɗa muku abin da na gani a shekarun da na yi ina koyar da ajin yamma. Ban taɓa ganin wanda gemu ya kora daga aji ba. Abin da ke korar mutane tukunya ce. Obasanjo ba ya tunanin cefanen gobe. Kai kuwa sa'a uku da za ka yi a aji, sa'a uku ce da ba ka yi a bakin kasuwa ba, ga kuɗin haya, ga kuɗin makarantar yara, ga tsohuwa a ƙauye tana jiran aike. Saboda haka karatun babba dabam yake da na yaro. Yaro yana iya yin kuskuren zaɓi ya gyara. Magidanci in ya zuba shekara 4 da kuɗin gumi a kan takardar da ba ta kai shi ko'ina ba, ba shi kaɗai ya yi asara ba, gida guda ne.

Don haka kafin ka tambayi wace makaranta, fara tambayar wane aiki. Wani bawan Allah ya same ni, tsohon ma'aikacin masaƙa ne a sashen wutar lantarki. Ya ce, "Malam, digiri nake so in yi a kimiyyar siyasa." Na ce don me? Ya yi shiru, can ya ce ya gaji da a riƙa kiransa lebura a gaban 'ya'yansa. Wallahi maganar ta taɓa ni, kuma ban raina ta ba, don mutunci ma buƙata ce. Amma na ce masa, "Yaya, hannun nan naka ya riga ya yi rabin karatun. Abin da ba ka da shi takardar shaida ce da ilimin sabon kaya." Ya zauna jarrabawar NABTEB, hukumar da ke ba da shaidar sana'o'in hannu, ya bi wani yaro sa'an ɗansa yana koyon haɗa sola, yadda ake lissafin batir da inbata da faranti gwargwadon kayan wutar gida. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, masu shago da masu gida suka fara gudun janareta, wayarsa ba ta hutawa. Bai watsar da shekarunsa na masaƙa ba, a kansu ya ɗora gini. Direba ya san mota, ungozoma ta san haihuwa, mai shago ya san lissafi, malamin allo ya san yadda ake zaunar da yaro 40 wuri ɗaya. Kowa ya dubi abin da ke hannunsa tukuna.

Hanyoyin kuwa akwai su. Mai son koyarwa, ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, nan garinmu take tun 1976, ana yin NCE, wato shaidar malanta, a ƙarshen mako da lokutan hutu ba tare da an bar aiki ba. NOUN da aka kafa a 1983 zamanin Shagari, aka dakatar da ita a shekarar da ta biyo baya, aka farfaɗo da ita a 2002, tana da cibiyoyi a jihohi. Wanda ya wuce shekara 30 lokacin da ya gama digiri, takardar yafewa ake ba shi maimakon hidimar ƙasa, kuma ana neman aiki da ita. Sai dai duk ƙofofin nan mabuɗinsu ɗaya ne: kiredit 5 har da Turanci da lissafi. In babu, a fara da WAEC ko NECO ta masu zaman kansu. A kuma duba suna da ranar haihuwa su yi daidai da abin da ke kan NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, don na ga wanda harafi ɗaya ya ci masa shekara guda. Makarantar da za ka ba kuɗinka kuma, ka tabbatar hukuma ta amince da kwas ɗin, musamman fannin lafiya inda makarantun bogi suka yi yawa.

Yanzu ga iyayenmu mata. Akwai wata baiwar Allah da aka aurar tana aji 3 na ƙaramar sakandare. Ranar da ta yi naƙuda mai wuya aka rasa mace ma'aikaciya a asibitin garinsu, ranar ta ƙudura niyya. Tana da 'ya'ya 5 ta dawo aji, ta zauna benci ɗaya da sa'annin 'yarta ta fari, suna kiranta Umma. Sau 2 tana faɗuwa kemistiri. A na 3 ta ci, ta shiga makarantar koyon aikin lafiya. Da na tambaye ta me ya riƙe ta, ba ta ce ƙwaƙwalwa ba. Ta ce maigidanta ne ya yarda tuwon dare ya makara, kishiyarta kuma ta riƙe mata goyo ranakun jarrabawa. Maza, da ku nake. Mu ne ke cewa ba ma son namiji ya duba matanmu a asibiti. To macen da za ta duba su daga gidan wa za ta fito?

Kunya ita ce ta ƙarshe, kuma ta mako biyu ce. Iyayenmu sun zauna ajin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950 da rawunansu, suna bin a, ba, ca da yatsa. Mu malamai kuma akwai namu haƙƙin: kada ka tsayar da dattijo gaban allo yara na dariya, in ya makara ka tuna daga wurin nema ya fito.

Abu ɗaya nake roƙo, kada kowa ya fita daga nan ya ajiye aikinsa gobe. Kada a saki na hannu a kama na guje. A zauna da iyali a yi lissafin kuɗin zango ɗaya, a shiga adashi dominsa, a ware sa'a guda bayan sallar asuba kafin gida ya tashi.

Na ji an fara kiran magariba. Wanda ya zo da tsohon sakamakon jarrabawarsa, ko ya yage, ko ya sha ruwa, ya same ni nan bayan salla mu duba abin da ya rage masa. Wassalamu alaikum.