Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Albarkatun Ruwa a Ziyararsa ta Kaduna

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Minista, ranka ya daɗe. Iyayenmu sarakuna, Allah ya ja zamaninku. Malamai, shugabannin addinai, injiniyoyi da sauran manyan baƙi, barkanku da zuwa. A madadin manoman fadama, masunta da mazauna bakin kogin nan, muna yi maka lale marhabin, sannu da hanya.

Ranka ya daɗe, ka iso garin da kogi ya raɗa wa suna. Kogin Kaduna ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratsa tsakiyar birnin nan, ya gangara jihar Neja, inda madatsar Shiroro ke juya shi ta ba da megawat 600 na lantarki tun 1990, ga kuma Zungeru mai megawat 700 a gabanta. A samanmu akwai madatsar Kangimi, wadda ke ƙara wa kogin ruwa da rani domin famfunan garin nan. Ruwan Gurara kuwa, daga jihar nan ake tura shi ta bututu zuwa Abuja. Ke nan ko shayin da aka haɗa maka yau da safe, mai yiwuwa ne da ruwanmu aka dafa shi.

Akwai wani bawan Allah da ba a cika tunawa da shi ba sai ranar ɓacin rana: mai riƙe da ƙofofin madatsa. A watan Agusta, tsakiyar marka, ruwa na hawa, shi kuma yana tsaye gaba kura baya sayaki. In ya riƙe ruwa, aka kwana ana tafka sama, dole ya buɗe ƙofofi gaba ɗaya cikin dare, mutanen gangare su farka a cikin ambaliya. In ya saki da wuri, damina ta ɗauke ba zato, a watan Maris famfo ya ƙafe, tumatir da albasa su ƙone a fadama, kowa ya ɗora masa laifi. Shekara da shekaru abin da ke hannunsa jadawali ne na takarda, mai cewa a wata kaza ruwa kada ya wuce tsayi kaza. Jadawalin ya san wata, amma bai san hadarin jibi ba.

Yau ilimi ya kawo sauƙi. Injiniyoyi na gina kwaikwayon kogi a cikin kwamfuta: a shigar da faɗin ƙasar da ruwanta ke gangarowa, irin turɓayarta, tudu da kwari, da yadda ƙasa ta riga ta ƙoshi. Wannan na ƙarshen shi ne gishirin zancen, kuma kowane manomi ya san shi. Ruwan farko na Mayu ƙasa ke shanyewa, amma irinsa a ƙarshen Agusta kusan duk rafi yake nufa. Sai a ɗora hasashen ruwan sama na kwanaki masu zuwa, lissafi ya nuna yawan abin da zai shigo madatsa da lokacin isowarsa. Da haka za a riƙa rage ruwa kaɗan-kaɗan tun kafin hadari ya haɗo, ko a riƙe shi idan babu abin tsoro a tafe. An gwada wannan a tafkin Mendocino na jihar Kalifoniya a Amurka, aka ga ana iya tanadin ƙarin ruwa ba tare da jefa jama'a cikin haɗari ba.

Kayan aikin ma muna da rabinsu. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, wato NiMet, na fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar sa ido kan koguna da ruwayen ƙasa, wato NIHSA, na fitar da hasashen ambaliya, ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa nan a Mando tana horar da ma'aikata tun 1979. Sai dai hasashe ba wahayi ba ne, gaibu na Allah ne. Kwamfuta kuma abin da aka ba ta shi take amayarwa, in aka ba ta ƙarya ta mayar da ƙarya.

Shi ya sa kokenmu bai da yawa. Muna roƙon a ƙara ma'aunan ruwan sama da na tsayin kogi tun daga saman tudu, masu aiko da bayani da kansu kowace sa'a, a kuma ware kuɗin gyaransu. Sannan idan za a saki ruwa, sanarwa ta riga shi isowa da kwanaki, cikin Hausa da sauran harsunanmu, ta rediyo da waya da bakin masu unguwanni. Mutanen Unguwan Rimi, Kabala da Malali ba su manta da ambaliyar 2003 ba. Ƙasa baki ɗaya ta ɗanɗana a 2012 da 2022, ga abin da ya faru a Maiduguri a Satumban 2024 lokacin da madatsar Alau ta ɓalle. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ranka ya daɗe, bayan addu'a za mu raka ka bakin kogi, inda dattawa za su nuna maka shaidar da ruwa ya bari a jikin bangayensu. Daga nan sai a dawo a ci abinci.

Allah ya mai da kai gida lafiya. Wassalamu alaikum.