Littafin da babu fatalwa a ciki shi ya fi girgiza ni

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ban shirya komai ba, kawai kunna kyamara na yi saboda abin yana ta cin raina tun daren jiya, in ban amayar ba ba zan samu sukuni ba. Kun ga tulin littattafan nan a gabana ko? Duk na yara ne, daga laburaren unguwarmu nan Ingila muka aro su, kuma wallahi wannan ɗan siririn da ke hannuna shi ya hana ni barci.

'Yata babba shekararta 12, yarinya ce mai surutu, in tana gida sai kowa ya san tana nan. Jiya na ji gidan tsit, na leƙa ɗakinta na tarar da ita zaune a ƙasa ta jingina da gado, littafi a kife kan cinyarta, ido ya yi jawur. Na ce lafiya? Ta ce, "Umma, baban Jonas ne, ashe kashe jaririn ya yi." Gabana ya faɗi, na ɗauka wani ɗan ajinsu take nufi. Ashe yaron cikin labari ne. Sunan littafin The Giver, wata Ba'amurkiya Lois Lowry ta rubuta shi a 1993, har ya ci kyautar Newbery a 1994, wadda ita ce babbar kyautar littattafan yara a Amurka. Da ta yi barci na ɗauka na karanta da kaina.

Wanda bai karanta ba ya yi haƙuri zan ɗan fasa ƙwai, don dole iyaye su ji. Gari ne da babu yaƙi, babu yunwa, babu ciwo, kowa cikin ladabi, da farko har sha'awa zai ba ki. Sai a hankali ki gane babu launi ma a garin, mutane ba sa ganin ja ko kore, dattawa ne ke zaɓa wa mutum aikinsa yana shekara 12, su zaɓa masa matar aure, su ba shi 'ya'yan da ba shi ya haifa ba. Shi Jonas aka zaɓa ya karɓi tarihin duk abin da aka mantar da mutane, daɗi da wahala, daga wurin wani tsoho. Babansa kuma aikinsa renon jarirai, mutum mai taushin murya. To a garin in an haifi tagwaye masu kama ɗaya, sai a auna su, wanda bai kai ɗan uwansa nauyi ba a ce an sallame shi. Jonas ya nemi ya ga yadda ake sallamar, aka kunna masa hoton bidiyo, ya ga babansa yana yi wa jaririn wasa da muryar lallashi, ya tsira masa allura a goshi, ya saka gawar a kwali. Babu jini a shafin, babu ihu, babu dodo, amma tsikar jikina sai da ta tashi, ni da na haifa na san nauyin jariri a hannu.

Irin waɗannan su ake kira distofiya, labaran duniyar da ta lalace a hannun masu mulki, kuma yara a nan rububinsu suke. Abin da ya ba ni haushi shi ne babu abin da ya gargaɗe ni. A ƙasar nan fim ba ya fita sinima sai hukumar tantance finafinai ta BBFC ta manna masa shekarun masu kallo, U, PG, 12A, 15, 18, kina gani kin san inda kika dosa. Littafi kuwa ko oho, babu dokar da ta tilasta a rubuta shekaru a bangonsa. Fim ɗin The Hunger Games na 2012 sai da aka yanke masa daƙiƙa 7 na jini kafin a ba shi 12A, amma littafin da aka ciro fim ɗin daga ciki yana nan kan kanta, yaro zai miƙa hannu ya ɗauka. A 2008 kamfanonin buga littattafai sun so fara saka shekaru a bango, marubuta irin su Philip Pullman suka yi caa suka ce ba su yarda ba, hujjarsu wai yaron da karatu ke ba wahala zai ji kunyar a gan shi da littafin da aka rubuta na ƙanana ne, sai ya daina karatun gaba ɗaya. Na fahimce su, har ga Allah hujja ce mai ƙarfi, amma ai kayan a kan iyaye aka sauke su, kuma uwar da ta dawo daga aikin dare ina ta ga lokacin bin shafi shafi?

Tunda na ambaci The Hunger Games bari in ɗan tsaya a kansa, don shi 'yata ke naci yanzu. Suzanne Collins ta fitar da shi a 2008. Ƙasa ce mai gundumomi 12 ƙarƙashin babban birni, duk shekara kowace gunduma sai ta ba da namiji ɗaya mace ɗaya 'yan shekara 12 zuwa 18, a zuba su 24 a fili su kashe juna, ana haskawa a talabijin mutanen birni suna kallo suna nishaɗi. Jarumar 'yar shekara 16 ce, ƙanwarta ƙuri'a ta faɗa wa, ta ce a ɗauke ta a madadinta. Marubuciyar ta ce tunanin ya zo mata ne wani dare tana canza tasha, nan gasar talabijin ta matasa, can hotunan yaƙin Iraƙi, sai abu biyun suka cakuɗe mata a kai, kuma mahaifinta soja ne da ya je yaƙin Biyetnam. Da na ji haka sai na daina kallonsa a matsayin littafin zubar da jini kawai. Matar tana tambayar yara ne, me ya sa wahalar wani ta zama abin kallonku? Kuma abin bai tsaya a takarda ba, ɗaga yatsu uku ɗin nan na cikin labarin masu zanga-zanga sun yi shi a Tailan bayan juyin mulkin 2014, aka sake yi a Myanmar a 2021. Duk da haka na ce mata ta dakata tukuna, sai na gama karanta shi, sannan mu bi shi tare.

Ba don 'yata ce ba, amma yarinyar nan ta burge ni da safe. Tambayar da ta fara yi min ita ce, shi baban Jonas ya san kisa yake yi kuwa, tunda ba a taɓa koya masa mene ne mutuwa ba? In bai sani ba laifin na wane ne? Yarinya 'yar 12 fa! Muka daɗe muna magana, har babansu ya shigo ciki. Shi ya sa duk haushin da nake ji ba zan ce a ƙwace littattafan nan ba.

Ƙaninta kuma, ɗan shekara 8, shi fatalwa ce sana'arsa. Ga su nan, Goosebumps, duba bangon nan da ɗan tsanan katako mai zare ido. R.L. Stine ya fara su a 1992, zubin farko kaɗai littafi 62 ne zuwa 1997, kuma mutumin da labaran ban dariya na yara ya fara kafin ya koma na tsoro, kina karantawa za ki ji hakan. Kowane babi gajere, ya ƙare da wani abu ya dafa kafaɗar yaro a cikin duhu, ki juya shafi ki tarar ƙanwarsa ce ke tsokanarsa. Tsoron wasa ne, yaro ya yi ihu ya yi dariya ya ce a ƙara. Yaron da da sai an yi dambe kafin ya buɗe littafi, yanzu shi ke tuna min ranar mayar da na laburare. Abin da kawai na zaunar da shi na faɗa masa shi ne wanda ya rasu ba ya dawowa yawo cikin gida, labari ne mutum ya zauna ya ƙirƙira, ya ce ai ya sani Umma.

Wanda zan ja kunnenku a kai a ɓangaren fatalwa shi ne Scary Stories to Tell in the Dark. Alvin Schwartz ya tattaro labaran daga tatsuniyoyin mutane ya fitar a 1981, su labaran ba wani abu ba ne can, zanen Stephen Gammell ne bala'in, baƙi da fari, fuskoki kamar suna narkewa, jijiyoyi na zuba kamar saiwa. A jerin ƙungiyar laburarorin Amurka, su ne na ɗaya cikin littattafan da aka fi kai ƙara a cire daga 1990 zuwa 1999. A 2011 aka sake buga su da zane mai sauƙi na Brett Helquist, waɗanda suka taso da na farko suka yi ta ƙorafi har aka dawo da tsohon. To ki duba wanne ne ya shigo gidanki. Yaro yana iya manta labari, amma hoto in ya zauna masa a ido sai an kashe fitila yake fitowa.

Kuma mutanen ƙasar nan da fatalwa ai tsohuwar zuma ce. Da an shiga Oktoba laburare zai cika gaba da littattafan tsoro saboda bikin Halloween, daga nan sanyi ya shigo, ƙarfe 4 na yamma gari ya yi duhu, ko shahararren labarin Kirsimeti na Charles Dickens na 1843 ma fatalwowi ne ke ziyartar wani marowaci. Irin wannan yammacin ne kewar gida ke kama ni sosai. Mu ma an tsorata mu muna yara, Dodo ya haɗiye mutane a tatsuniya ba adadi, amma a bakin kakata nake ji, ina manne da ita, in ta ga na ƙanƙame ta sai ta sassauta murya, in ta ce ƙurunƙus an rufe magana kowa ya san Dodo ya tafi. Nawa yaran su kaɗai suke shiga ɗaki da littafi, babu mai kallon fuskarsu ya san inda ya kamata a tsaya. Abin da ya fi damuna kenan a duk zancen nan, shi ya sa na koma karanta wa ƙaramin da baki, ko babi ɗaya ne, yana jingine da ni.

Af, kafin in manta, akwai abin da ya faranta min rai. Da ina tunanin duk jaruman irin labaran nan farare ne, sai ma'aikaciyar laburaren ta nuna min Noughts & Crosses na Malorie Blackman, baƙar fata 'yar nan Ingila, 2001 ya fito. Ta juya duniya ne, baƙaƙe ke mulki farare ne a ƙasa, akwai wurin da wata yarinya fara ta ji ciwo a goshi aka manna mata filasta ruwan ƙasa, saboda ba a yin filasta kalar fatarta. Na daɗe ina kallon shafin nan, na tuna sau nawa na manna wa yarana filasta kalar fatar wasu ban ko lura ba. Amma wannan na manyan matasa ne, akwai bam, akwai ciki, akwai rataya, kar ki ba 'yar firamare. Ga kuma Nnedi Okorafor da Akata Witch a 2011, Tomi Adeyemi da Children of Blood and Bone a 2018, duka iyayensu 'yan Najeriya ne, duniya na karanta su, sai dai akwai tsafi da bokanci a ciki sosai, kowace uwa ta san abin da za ta iya bari a gidanta. Ni dai burina in ga irin wannan da Hausa, an rubuta wa 'yan shekara 10 zuwa 15, da jarumai masu irin sunayen yaranmu. Marubutanmu don Allah a taimaka, da gudu zan saya.

Maganar saye kuma, ku yi hattara, kusan duk littattafan nan jeri ne, na ɗaya zai ƙare a tsakiyar tashin hankali dole a nemo na biyu da na uku, kafin ki farga kuɗi sun zurare. Katin laburare kyauta ne, in wani ya ari littafin sai ki saka suna ta intanet a ajiye miki.

Gargaɗina na ƙarshe ga masu 'yan mata, shi ne wanda ya fi tsaya min a rai. A TikTok ana ta yayata wasu littattafan almara masu sarauniyoyi da dodanni masu fuka-fuki, bango mai kyalli da furanni da takobi, sak irin na matasa, alhali na manya ne, cike da batsa ƙarara. Wata ƙawar 'yata ta zo da ɗaya gidan nan, na buɗe tsakiya na karanta rabin shafi na rufe, na kira mamanta a waya, baiwar Allah ita da kanta ta saya mata, bango kawai ta gani. Kar ki tsaya a babin farko, a irin waɗannan farkon lafiya lau yake, ki buɗe tsakiya da wajen ƙarshe, ki kuma tambayi ma'aikatan laburare daga wane sashe aka ɗauko shi, na matasa ko na manya, za su faɗa miki ba ɓoye-ɓoye. Bari in tashi haka nan, lokacin ɗauko su daga makaranta ya yi, sai mun haɗu a bidiyo na gaba in sha Allah.